Yini Ɗaya, Hayaniya Biyu

Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Tottenham Court Road a Landan yau yana neman Astoria, zai gaji da waige. An rufe gidan kiɗan a watan Janairun 2009, aka rushe shi domin a faɗaɗa tashar saboda sabon layin dogo, wanda aka buɗe a 2022 da sunan Sarauniya Elizabeth. A gurbinsa yanzu gilashi ne da ofisoshi da wani sabon gidan wasan kwaikwayo fes. Kwanakin baya da na bi ta wurin sai na tsaya cak a bakin titi, mutane suna ta kauce mini, ina ƙoƙarin gane ina ƙofar take a da, ina kuma lungun da samari masu baƙaƙen riguna suke jera layi tun la'asar.

Astoria ba wani kyakkyawan gini ba ne. Tsohon gidan silima ne na 1927, mai ɗaukar mutum kamar 2,000. Amma shi ne alamar unguwar, kuma a gindinsa aka ce mu haɗu a daren Asabar, 1 ga Mayu, 1999, bayan an tashi daga wasan ƙarshe na zari-ruga a Wembley.

Lokacin ina karatu a Leeds, da dare kuma ina lodin kaya a wani sito. Abokin aikina wani saurayi ne mai gashi har gadon baya, ɗan wani ƙauye kusa da Castleford. Shi ya zo mini da labarin cewa wani ya fasa tafiya, kujera ta ragu a doguwar motar unguwarsu. Ban san komai game da wasan ba, ban kuma taɓa jin kiɗan da ya ce za mu je ji da dare ba. Na dai ce to.

Jagoran tafiyar babansa ne, tsohon mahaƙin kwal, wanda ya yi yajin aikin nan na 1984 zuwa 1985, kusan shekara guda babu albashi, daga bisani kuma aka rufe raminsu. Kunnensa na hagu ya mutu, don haka in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Shi ke riƙe da littafin adashin. Kowane mako, shekara guda cur, mutanen unguwa suna zuba ɗan abin da ya samu a kulob ɗin ma'aikata, domin tafiyar Wembley. Ana fara zubi tun ba a san waɗanda za su kai wasan ƙarshe ba, kuma babu mai tambaya. A waccan shekarar Leeds ce za ta kara da London Broncos, amma a motarmu kusan kowa rigar Castleford ya sa, wasu biyu ta Featherstone, kuma ba wanda yake ƙaunar Leeds ko kaɗan. Da na tambayi tsohon abin da zai kai shi kallon kofin da ba nasa ba, sai ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin zuwa jana'izar maƙwabci. Ya ce ranar ta wasan ce gaba ɗaya, ba ta ƙungiya ba.

Mun tashi gari bai gama wayewa ba. Motar tana warin dizal da taba da jiƙaƙƙen ulu. Kafin mu wuce Sheffield an fara buɗe gwangwanayen giya, ni kuwa ina rungume da filas ɗin shayi. Matar tsohon ta naɗe mini burodi da cuku a takarda daban, ta rubuta alama a kai, domin an gaya mata ba na cin naman alade. Da muka tsaya a hanya wajen azahar na zaga bayan mota na shimfiɗa jarida a kan ciyawa na yi sallar matafiyi. Da na sallame sai na ga tsohon tsaye nesa kaɗan, riƙe da kwat ɗina, ya juya baya yana kallon titi. Bai tambaye ni komai ba, har muka rabu.

A hanyar ce ya karanta mini tarihin, da ƙarfi, irin maganar mai kurumta. Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na mutum 15, wanda aka fi sani a duniya, na 'ya'yan manya da makarantun kuɗi a wancan zamani. Akwai kuma nasu, na mutum 13. Rabuwar ta faru ne ranar 29 ga Agusta, 1895, a otal ɗin George da ke Huddersfield, inda ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle. Rigimar a kan kuɗi ce. Lebura a masaƙa ko a ramin kwal yana aiki har ranar Asabar, in ya bar aiki ya je buga ƙwallo an yanke masa ladan yini. Ƙungiyoyin arewa suka ce a riƙa biyansa abin da ya rasa, sule 6 a yini. Masu mulkin wasan a Landan, waɗanda ba su taɓa sanin yankan albashi ba, suka ce karɓar kuɗi yana ɓata wasa. Shekara 100 cif suka yi a kan bakansu, sai a 1995 suka yarda a biya 'yan wasansu a fili. Tsohon ya faɗi wannan shekarar yana dariya har da tari.

Tun 1929 ake kawo wasan ƙarshen wannan kofi Wembley, kuma na 1999 shi ne na ƙarshe a tsohon filin mai tagwayen hasumiya farare. Abin da na fara lura da shi a kan doguwar hanyar shiga launuka ne. Rigar Wigan, ta Hull, ta St Helens, ta Bradford, har da na ƙananan garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, duk a cakuɗe, ba shinge, ba 'yan sanda a tsakani kamar yadda ake yi wa masu kallon ƙwallon ƙafa. Warin soyayyar albasa ya cika ko'ina. Kafin a take wasa, mutum fiye da 70,000 suka miƙe suka rera wata tsohuwar waƙar coci da ake rerawa kowace shekara. Mutanen da suka wuni suna ashar a mota suka yi tsit, wasu suna share ido da bayan hannu. Abokina ya raɗa mini cewa kowa matattunsa yake tunawa.

Minti kaɗan da farawa wani baƙar fata dogo ya dangwala ƙwallo a bayan layin Leeds. Martin Offiah ke nan, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Najeriya. Ban san lokacin da na miƙe ina ihu ba. Tsohon ya jawo ni ya zaunar, ya ce wannan ai ba komai ba ne, da na ga wanda ya yi a 1994 a wannan fili, yana Wigan, lokacin da ya ɗauko ƙwallo tun daga gindin ragarsu ya tsere wa Leeds gaba ɗaya. Landan ta kai maki 10 Leeds ba ta da ko ɗaya, motarmu ta fara murna. Murnar ba ta daɗe ba. Aka tashi 52 da 16, wani matashi Leroy Rivett shi kaɗai ya dangwala huɗu.

Maki ba su zauna mini a kai ba kamar ƙarar. Babu hular kwano, babu sulke. Ƙato ya taho da gudu ya yi karo da ƙatti biyu, ka ji tim tun daga inda kake zaune, ya tashi ya tura ƙwallo ta ƙarƙashin ƙafa, wani ya ɗauka ya sake afkawa. Wani ya faɗi ya daɗe bai motsa ba, aka zo da soso da ruwan sanyi aka goga masa a ƙeya, ya miƙe yana tangaɗi ya koma layi, fili ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa. A lokacin wannan shi ne jarumta, kuma tsofaffin motarmu suna da magana a kai: wanda ya shiga rami ranar Litinin da karyayyen haƙarƙari ba zai ji tausayin wanda aka biya don ya faɗi a kan ciyawa ba.

Motar sai sha biyun dare za ta tashi, don haka aka rabu biyu. Dattawa suka nufi mashaya, samari suka nufi Soho. Da ɗansa ya gaya masa inda za mu, tsohon ya girgiza kai ya ce, "Shekara nawa ana biyana in jure ƙarar inji har kunnena ya tafi, kai kuma ka ɗauki kuɗinka ka kai a kashe maka naka." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Kai ɗan makaranta, ka tsaya a baya."

Ban tsaya a baya ba, domin wurin ba shi da baya. Wani ɗan zaure ne a ƙarƙashin ƙasa, a lungunan bayan Astoria, ƙungiyar kuma ba ta yi wani suna ba. Hayaƙin taba ya yi rufi a ƙasan rufi. Bango yana zufa. Takalmi yana mannewa a daɓe. Da mai jita ya ja tsirkiya ta farko, ban ji ta a kunne ba tukuna, a ƙirji na ji ta, har rigata tana rawa. Mai ganguna yana taka tambura biyu da ƙafafu kamar ana sakin harsashi, mawaƙin yana ruri, gashi yana ta kaɗawa gaba da baya. A tsakiya aka buɗe fili, samari suna ture juna da kafaɗa, suna karo, suna faɗuwa. Na ɗauka faɗa ne ya kaure. Sai na ga duk wanda ya faɗi hannu huɗu ko biyar sun cafe shi sun tayar kafin a taka shi, wani ya tsinci tabarau ya ɗaga sama har mai shi ya gani. Karon da na gani da rana ne, an ɗauke ƙwallo da alƙalin wasa kawai.

Daga baya na gane cewa kamannin bai tsaya a ido ba. Kiɗan nan, hebi metal, shi ma ɗan masana'anta ne. Black Sabbath, waɗanda ake wa kallon iyayensa, samari huɗu ne daga Aston a Birmingham, suka haɗu a 1968, faifansu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 1970. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana shekara 17 injin matse ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki, kuma bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa siraran tsirkiya, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi, sai amon ya yi ƙasa, ya yi nauyi, ya yi duhu. Nauyin nan da miliyoyin mutane suke bi yau, wani ɓangarensa haɗarin wurin aiki ne. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne kuwa ya yi aiki a kamfanin da ake gwada ham na mota, ya kuma yi a mayanka. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Dambe a wurinmu na mahauta ne tun asali, kuma ba a taɓa raba shi da makaɗa ba. Shago yana fage Ɗan Anace yana zuga shi, ƙarfi da kiɗa a fili ɗaya. Su mutanen arewacin Ingila sun raba nasu gida biyu ne, ɗaya da rana ɗaya da dare.

Na san abin da mai karatu zai tambaya, domin ni ma na tambaya a daren: ƙoƙon kan mutum a jikin riguna fa, da ambaton Shaiɗan, da yatsu biyu da ake ɗagawa kamar ƙaho? Akwai ƙungiyoyin da suka ɗauki abin da gaske, kuma ba ni da abin da zan kare su da shi. Amma yawancinsa tsoratarwa ce irin ta fim. Mai rubuta wa Black Sabbath baitoci, Geezer Butler, a gidan Katolika masu riƙo ya tashi, kuma fitacciyar waƙarsu War Pigs zagin masu tura talaka yaƙi ce. Alamar yatsun kuwa mawaƙi Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta, ya ce a wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya gani, tana yi don kare kai daga kambun baka. Ban zama mai sauraron kiɗan ba, har yau. Amma ni kaɗai ne baƙar fata a zauren nan, kuma abin da kawai aka yi mini shi ne wani ƙato mai gemu ya matsa ya ba ni gefen ginshiƙi don kada a ture ni.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ina jin daɗin bana daidai gwargwado, kuma na san abin da bara ta ƙunsa. Tagwayen hasumiyar an rushe su a 2003. Sabon Wembley da aka buɗe a 2007 yana ɗaukar mutum 90,000, kowa yana ganin fili sosai, mai keken guragu yana da wurinsa. Tun 1 ga Yuli, 2007 aka hana shan taba a cikin irin waɗannan zauruka a Ingila, mai hidima a ciki ya daina shaƙar hayaƙin wasu. A 2023 aka fara buga wasan ƙarshe na mata a Wembley rana ɗaya da na maza, St Helens ta doke Leeds. A motarmu ta 1999 babu mace ko ɗaya, aikinsu naɗe burodi ne su tsaya a ƙofa suna ɗaga hannu. A azumin wannan shekarar ta 2023 har buɗa-baki aka shirya a filin, inda ni a da bayan mota na samu.

Sai kuma jiki, wanda aka ce magayi ne, ya kuwa faɗa. Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003 a wasan 'yan 15, ya fito a 2020 yana ɗan shekara 42 ya ce an gano yana da ciwon mantuwa, kuma ba ya tuna cin kofin. Ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa daga ɓangarorin biyu sun kai hukumominsu kotu a kan raunin ƙwaƙwalwa. Yanzu wanda ya bugu a kai dole a fitar da shi likita ya duba, karo da kafaɗa ba tare da rungumar hannu ba an hana shi tun 2013. A ɓangaren kiɗa, Brian Johnson na AC/DC ya ajiye rangadi a 2016 bayan likitoci sun gargaɗe shi zai kurumce gaba ɗaya. Yau abin toshe kunne ba abin kunya ba ne a irin waɗannan taruka, za ka ga yara a kafaɗar iyayensu da manyan marufan kunne masu launi.

Ina jin masu cewa an lalata wasan, an mai da shi na ragwaye, kiɗan ma ya zama na 'yan gayu. Na lura yawancin masu faɗar haka daga kujera suke faɗa. Ni da na tafa wa mutumin nan mai tangaɗi ban san inda yake yau ba, ban san ko yana gane 'ya'yansa ba. Kan da aka buga ba nawa ba ne. Tsofaffin motarmu aƙalla suna da hujja, su ma da jikinsu suka biya, a rami. Ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Birtaniya, Kellingley, tafiyar 'yan mintuna daga Castleford, an rufe shi a Disamban 2015. Wanda yake zaune a ofis yana kewar zamanin da ake farfasa kawuna, kewar jinin wani yake yi.

Asarar da ta fi damuna ba a fili take ba, a ƙofa take. Wasan da aka ƙirƙira saboda sule 6 na lebura, da kiɗan da ya fito daga yatsun lebura, dukansu sun fara fin ƙarfin aljihun lebura. Kulob-kulob ɗin ma'aikata da ake adashi a cikinsu da yawa sun rufe tare da ramukan. A 'yan shekarun nan masu zuwa wasan ƙarshe ba su cika wuce 60,000 da ɗoriya ba, benen sama na Wembley yakan zauna da jajayen kujeru babu kowa. Manyan ƙungiyoyin metal suna cika filayen ƙwallo da tikiti mai tsada, amma ƙananan zaurukan da suka koyi sana'ar a ciki suna mutuwa. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ƙirga 125 da suka rufe ko suka daina sa kiɗa a 2023 kaɗai. Mashayar Crown ta Birmingham, inda Black Sabbath suka fara wasa, a rufe take tun 2014, sai a 2024 aka sa ta cikin gine-ginen tarihi da ba a rushewa. An tsare bangon, babu mai kiɗa a ciki.

Shekarar 2025 ta zo da abubuwa a jere. Ranar 7 ga Yuni Hull Kingston Rovers ta ci kofin da maki 8 da 6 a kan Warrington, bayan shekara 40 ba ta ɗaga babban kofi ba, gabashin Hull ya kwashe ya taho Landan kamar da. Kwanaki kaɗan bayan haka Sarki Charles ya ba Billy Boston, baƙar fata ɗan Cardiff da ya yi suna a Wigan, muƙamin Sir, na farko da aka taɓa ba ɗan wasan 'yan 13 a cikin shekara 130. Lokacin yana da shekara 90, mantuwa ta riga ta kama shi. Ranar 5 ga Yuli kuma Black Sabbath, su huɗun asali, suka yi wasan bankwana a filin Villa Park, cikin unguwar da suka tashi. Ozzy a zaune ya yi waƙa, cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, kuɗin da aka tara aka ce na asibitin yara ne da masu fama da cutar. Ya mutu ranar 22 ga watan.

Abokina ya kalli wannan wasan ne a wayarsa, a cikin motar raba kaya da yake tuƙawa yanzu, domin tikiti ya ƙare cikin mintuna, kuma ko da bai ƙare ba ya ce ba zai iya ba. Gashin ya zube, babansa ya daɗe da rasuwa, littafin adashin yana cikin durowa ba mai zubi. 'Yarsa tana buga zari-ruga a ƙungiyar 'yan mata ta garinsu, kuma shi ne mai tsayawa a bakin fili yana faɗa da koci in ta bugu a kai ba a fitar da ita ba. Da na tambaye shi ko har yanzu ana haɗa biyun a yini ɗaya, ya lissafa mini kuɗin jirgi na mutum biyu, da tikitin fili, da na kiɗa, da abinci, ya ce albashin mako ne ya tafi. Sai dai a zaɓi ɗaya. Yarinyar ta zaɓi Wembley, da sharaɗin su isa tun kafin azahar, domin wasan mata ake fara bugawa.